Yadda Ake Mayar da Gidan Gem Tashar Kallo a Zariya

Kafin ka mayar da gidan gem ɗinka tashar da za a riƙa kallon wasanni a intanet, ka duba tashoshin gem biyu da suka mutu a Amurka. Ta farko ita ce Sega Channel, wadda kamfanin wasannin bidiyo na Sega ya buɗe a watan Disamba na 1994 da haɗin gwiwar manyan kamfanonin talabijin na kebul biyu, TCI da Time Warner. Sunanta tasha, amma bugawa ake yi. Wani ɗan akwati ake ba ka, ka cusa shi a ramin kaset na Sega ɗinka, ka jona masa wayar kebul, sai wasanni kusan 50 su bayyana, ana canza su duk wata, kuɗin wata kuwa wajen dala 15. Wasan da ka sauke yana zaune ne a ƙwaƙwalwar akwatin, kana kashe wuta ya tafi. Ta tara masu biya wajen 250,000, aka rufe ta a ƙarshen Yulin 1998. Injin da aka gina ta a kansa ne ya tsufa, domin PlayStation da Saturn sun riga sun shigo kasuwa. Ga kuma wayar kebul ɗin kanta: hayaniya kaɗan ta shiga layi sai saukar wasa ta katse, a koma farko.

Ta biyu ita ce G4, wadda kamfanin Comcast ya buɗe ranar 24 ga Afrilun 2002, tashar kallo sosai ta wasannin bidiyo. Makonta na farko ba abin da ta nuna sai Pong, ƙwallo na kai da komo dare da rana. A 2004 ta haɗe da wata tashar fasaha, TechTV. Sai ga ciwon da ke damun kowace tashar talabijin: awa 24 ne a rana, kuma dole a cike su. Aka koma cike gurbi da tsofaffin shirye-shiryen 'yan sanda da gasar tsalle-tsalle ta Japan, masu gem ɗin da aka kafa ta dominsu suka watse. A Nuwamban 2010 DirecTV, kamfanin talabijin na tauraron ɗan adam, ya cire ta daga jerin tashoshinsa, ƙarshen 2014 aka rufe ta. An sake tayar da ita ranar 16 ga Nuwamban 2021 da babban ɗakin shiri da ma'aikata masu yawa, ko shekara ba ta cika ba aka sanar da rufe ta a Oktoban 2022. A daidai shekarun nan Twitch, shafin watsa wasanni kai tsaye a intanet, wanda aka buɗe a 2011 ba tare da ɗakin shiri ko jadawalin awa 24 ba, Amazon ya saye shi a 2014 kan dala miliyan 970.

Mai gidan gem a Samaru ko Tudun Wada yana da abin da G4 ta yi ta kashe kuɗi tana nema: gwanaye da unguwa ta sani, da 'yan kallo masu ihu tun kafin a sa kyamara. Abin da zai kashe tasharsa shi ne abin da ya kashe waɗancan, wato buɗe baki fiye da loma. Don haka a nan za a gina tashar awa biyu zuwa uku a mako, a YouTube ko Facebook, da lissafin wuta da data a hannu. Watsa hoto ta iska ko ta tauraron ɗan adam kuwa sai da lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, kada ma ka fara wannan tunanin.

Kayan aiki da yadda ake jona su

Kana buƙatar PS4 ko PS5 ɗin da kake da shi, talabijin ɗin 'yan wasa, sifilita mai raba hoton HDMI gida biyu, na'urar ɗauko hoto da ake ce wa kafca, wayar HDMI uku gajeru, laftof, makirfo guda, tsohuwar wayar hannu mai kyamara mai kyau, da kwan fitila farare biyu masu wat 20. Laftof mai Core i5 da RAM 8 ya wadatar. Galibin ƙananan kayan nan za ka iya nemansu a shagunan kayan wuta na Sabon Gari ko wajen PZ, idan ba a samu ba a yi aike Kaduna ko Kano.

Jonawar haka take: HDMI daga PS ya shiga sifilita, baki ɗaya ya tafi talabijin, ɗayan ya tafi kafca, kafca kuma ta shiga USB na laftof. Mutane da yawa suna tsallake sifilita don rage kuɗi, su ce 'yan wasa su kalli fuskar laftof. Ba ya yiwuwa. Ƙananan kafca masu kamar filas suna da ɗan jinkiri, hoton na zuwa bayan an danna hannu, kuma gwanin FIFA zai ji wannan jinkirin tun a fas na farko. Idan kafca ɗinka mai baki biyu ce, mai shiga da mai fita, to ita ce sifilitar kanta.

Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Kafca mai araha da aka rubuta wa 4K tana nufin tana karɓar 4K ne, abin da take miƙa wa laftof bai wuce 1080 a hoto 30 cikin daƙiƙa ba, ko 720 a hoto 60. Wannan ya ishe ka, domin sabis ɗin da kake da shi ma ba zai ɗauki fiye da haka ba.

Matsala ta farko da kusan kowa ke cin karo da ita: an jona komai, talabijin na nunawa, amma laftof baƙi ƙirin. Makullin HDCP ne, wanda aka sa don hana kwafar fim. A PS4 ka shiga Settings, ka shiga System, ka cire alamar da ke kan Enable HDCP. A PS5 yana ƙarƙashin System, sannan HDMI. Ka yi wannan tun PS ɗin na jone kai tsaye da talabijin, kafin ka sa sifilita. Wasu manhajojin kallon fim za su ƙi buɗewa muddin makullin na kashe, sai ka mayar idan an gama. PS3 kuwa ba a kashe masa HDCP, sai dai a ɗauko hotonsa ta wayar nan mai kawuna biyar, kuma wahalar ta fi ribar. Idan hoto na ƙiftawa ko yana yin kore-kore, ka tsayar da PS ɗin a 1080p maimakon barinsa ya zaɓa da kansa, ka kashe HDR, sannan ka canza wayar HDMI. Sau tari wayar ce.

Gaskiya ne PS4 na iya watsawa kai tsaye zuwa YouTube ko Twitch ta maɓallin Share ba tare da laftof ba, kuma ba laifi ka gwada da shi mako ɗaya ko biyu. Amma ba za ka iya sa sunayen 'yan wasa ko tallan mai shago ba, kuma ba ka da cikakken iko kan datar da yake ci.

Saitin OBS da lissafin data

OBS Studio manhajar watsawa ce da ake sa wa a laftof, kyauta ne, shi ne ɗakin shirinka. Ka ƙirƙiri fuska uku kawai: ta jira mai ɗauke da sunan tasha da lokacin farawa, ta wasa, da ta hutu. A fuskar wasa hoton gem ya cika allo, hoton 'yan wasa ya zauna a kusurwar ƙasa, kada ya rufe agogo da yawan ci da ke sama. Sunayen 'yan wasa ka rubuta su a matsayin rubutun OBS, ka canza kafin kowane wasa.

Girman hoton da za ka tura 1280 da 720, hoto 30 a daƙiƙa. Bitiret, wato yawan datar da kake turawa duk daƙiƙa, 2500, a tsarin CBR, tazarar kifirem daƙiƙa 2, sauti 128. Wajen zaɓen enkoda, idan laftof ɗin Intel ne ka ɗauki QuickSync, idan yana da katin Nvidia ka ɗauki NVENC. In ba ko ɗaya, x264 a kan veryfast.

Ga lissafin da ya kamata ka haddace. Haɗa 2500 da 128, ka ninka da daƙiƙa 3600, ka raba da 8: kusan giga 1.2 ke nan a awa ɗaya. Idan ka ɗaga zuwa 3000 ya zama giga 1.4, a 4500 kuwa ya haura giga 2. Shirin awa biyu da rabi a 2500 zai ci giga 3, a wata giga 12, ka ƙara giga 3 na gwaji. Duk wanda ya ce maka datarsa ta ƙare cikin minti arba'in, ba OBS ne ya cinye ba. Ko dai Windows ya samu intanet ya fara sabunta kansa, ko PS ɗin ya kama sauke sabon gyaran wasa mai giga goma sha wani abu, ko yaran shago sun san lambar waifai. Maganin na farko ka shiga saitin intanet na Windows ka kunna Metered connection. Na biyu kada ka jona PS da layin watsawa ko kaɗan. Na uku ka jona MiFi, 'yar na'urar intanet mai sim, ko wayar da ke ba da sabis da laftof ta wayar USB, ka kashe waifai ɗinta gaba ɗaya.

Abin da ke damunka shi ne saurin turawa, masu talla kuwa saurin saukewa suke faɗa. Ka auna da Speedtest, kana neman aƙalla mega 5 na turawa don bitiret 2500, wato ninki biyu. Kuma ka auna a ranar da sa'ar da za ka yi shirin, a cikin shagon, domin sabis ɗin ƙarfe goma na safe daban yake da na bayan Magariba, lokacin da duk ɗaliban Samaru suka koma ɗaki suka hau waya. Rufin kwano ma yana cin sabis. Wayar USB mai tsawon mita biyu ko uku da za ta kai MiFi bakin taga tana iya gyara abin da canza layi bai gyara ba. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban.

A ƙasan OBS akwai alamar sabis da lissafin Dropped Frames. Idan lambar na hawa, sabis ne ya gaza: ka sauke bitiret zuwa 1800, kuma tun farko ka kunna zaɓin da ke rage bitiret da kansa, yana cikin Advanced. Idan kuwa rubutun Encoding overloaded ya fito, laftof ne ya gaji, ba ruwan sabis. Ka duba ko cajarsa na jone, domin yawancinsu suna rage ƙarfi a kan batir, ka rufe burauza, ka ɗaga gindinsa ya sha iska.

YouTube na neman ka tabbatar da lambar waya, kuma karon farko yakan ɗauki har awa 24 kafin ya buɗe maka watsa kai tsaye, don haka ka nema tun kwana biyu kafin gasa. Lambar sirrin watsawa da zai ba ka, kada ta fita daga laftof ɗin. Duk wanda ya same ta zai iya watsa abin da ya ga dama da sunanka.

Kana watsawa kana naɗa a laftof, kuma a tsarin mkv. Idan wuta ta ɗauke ko laftof ya mutu ana tsakiyar naɗa, tsohon tsarin mp4 yakan lalace gaba ɗaya, shi kuwa mkv yana tsayawa daidai inda aka katse. Daga baya OBS ɗin da kansa zai juya maka shi mp4 cikin daƙiƙoƙi, ta Remux Recordings.

Sauti

Mai kallo zai jure hoto mai dishi-dishi, ba zai jure sautin da ba ya ji ba. Makirfo ya kasance tazarar yatsu huɗu daga bakin mai sharhi, muryarsa na kai wa launin rawaya a ma'aunin OBS, kada ta taɓa ja. Sautin gem ya zauna ƙasa sosai, wajen 25 ƙasa da sifili, ta yadda ihun filin wasa zai zama shimfiɗa kawai. Sharhin Turanci da ke cikin wasan a kashe shi, naka na Hausa shi ne hajar da kake sayarwa. Kiɗan da ke tashi a shafin zaɓen ƙungiya shi ma a mayar da shi sifili, domin waƙoƙin masu haƙƙin mallaka ne, YouTube na gane su cikin daƙiƙoƙi ya ɗora wa bidiyon takunkumi. Haka rediyon mai shayin da ke maƙwabtaka, in makirfo na ɗaukowa.

Don daidaita murya da hoto, sa yaro ya tsaya gaban kyamara ya tafa sau ɗaya da ƙarfi, ka naɗa, ka kalla a hankali. Idan ka ji ƙarar kafin tafukan su haɗu, ka shiga Advanced Audio Properties ka ƙara wa makirfo jinkiri, ka fara da 200, kana ƙarawa hamsin-hamsin har su zo daidai. Gurnanin da ke shiga sauti da zarar an tayar da janareta kuwa ta cajar laftof yake bi. Cire cajar na daƙiƙa biyar, idan ya ɗauke ka gano ɓarawon: ka canza caja, ko ka koma makirfo mai USB.

Kyamara ba ta da wahala. Tsohuwar waya da manhajar DroidCam ta wayar USB, a kafa ta saman talabijin tana kallon fuskokin 'yan wasa. Fitila a gabansu, ƙofa a rufe ko a sa labule, in ba haka ba inuwa biyu kawai za a gani. Idan hoto na yin layi-layi, wutar Nijeriya mai bugu 50 ce, ka saita kyamarar a kan 50.

Wuta

Nan ne tashoshin unguwa ke mutuwa. Minti na 88, ɗaya da ɗaya, an samu fanareti, sai fanka ta fara rage gudu, ɗakin ya yi duhu, wani daga baya ya ce, "Oga, sun ɗauke fa!" Laftof na nan da ransa yana watsa baƙin allo. Kafin a ja janareta a juya canjoba minti uku sun wuce, PS ya tashi yana duba ma'ajiyarsa saboda an kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, wasan ya tafi, gardamar wanda zai ci ta fara, masu kallo a waya sun koma wani wuri. Yawan irin wannan ɗaukewar kuma yana lalata ma'ajiyar PS ɗin kanta.

Lissafa kayanka. PS4 na cin wat 100 zuwa 150 ana cikin wasa, PS5 wajen 200. Talabijin mai inci 43 wajen 70, laftof 60, fitilu 40, sifilita da MiFi 15, fanka 70. Jimla, in PS4 ne, ka ɗauka 400. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2400 na awa a takarda, amma irin mai ruwa ba a shan fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, inbata kuma na cin nasa kason. Abin da zai zo hannunka wajen 1000 ne, wato awa biyu da rabi. Ka cire fanka daga layin ka samu ƙarin rabin awa.

Shawara mafi inganci: ranar shiri ka ɗora PS, talabijin, sifilita da MiFi a kan inbata tun daga farko, ko da akwai wuta. Idan ba ka da inbata, UPS mai 1500 zai riƙe su 'yan mintunan da za a tayar da janareta. Mai 650 ya yi kaɗan. Ɗan ƙaramin janaretan nan mai shan fetur haɗe da baƙin mai wutarsa na hawa da sauka, kada ka jona PS da shi sai ta sitabilaiza. Ka ajiye shi a waje, nesa da taga, saboda ƙararsa a makirfo da kuma hayaƙinsa da ke kisa a rufaffen ɗaki.

Da hunturu ƙura na toshe fankar PS4 har ta riƙa kuka kamar jirgi, da bazara kuma zafi ya sa ya kashe kansa. Ka ɗora shi a kan kanta, ka bar masa tazarar tafin hannu ta ko'ina, a busa masa ƙura duk wata. Da damina in an fara tsawa, cire komai daga soket.

Me za a nuna, kuma yaushe

Gasar mutum 16 ta sili-ɗaya-ƙwale wasa 15 ce. In kowane rabi minti 6 ne, da zaɓen ƙungiya da canjin 'yan wasa da bugun fanareti, ka ba kowane wasa minti 20. Awa biyar ke nan, ba batir ko mai kallon da zai kai. Ka buga zagayen farko da rana a kan PS biyu ba tare da kyamara ba, ka fara watsawa daga zagayen 'yan takwas: wasa 7, awa biyu da minti ashirin, giga 3, caji ɗaya. Ka ba kowa minti ɗaya kacal na shirya ƙungiya, domin a wannan shafin ne masu kallo ke guduwa. A rubuta dokoki a manna a bango, har da hukuncin wasan da ya katse, kafin a karɓi kuɗin kowa.

Rana ɗaya, sa'a ɗaya, kowane mako. Kada ka yi karo da gidan kallon ƙwallo: yammacin Asabar da Lahadi na gasar Ingila ne, daren Talata da Laraba na gasar zakarun Turai. Daren Alhamis ko Juma'a bayan Isha'i ya fi. Da azumi a koma bayan asham. In yawancin 'yan wasanka ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne, ka san makon jarrabawa da hutu za su kwashe maka su, sai ka ajiye gasar unguwanni don wannan lokacin. Ita ce ma ta fi jan mutane: Samaru da Sabon Gari, Tudun Wada da cikin Birni, Kongo da Gyallesu. Mutum zai ƙona datarsa ya ga ɗan layinsu, ko da bai damu da gem ba.

Kada kuma ka ɗaure tashar a wuyan wasa ɗaya kamar yadda Sega ta ɗaure tata a kan inji ɗaya. PES ya koma eFootball a 2021, FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, kuma yara da yawa yanzu a waya suke buga Call of Duty da Free Fire. Sa wa tashar sunan shagonka ko unguwarku.

Batun kuɗi, kada ka sa rai da YouTube da wuri. Kafin ya fara raba maka kuɗin talla yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Abin da zai biya data da fetur yana kusa da kai: kuɗin shiga gasa, da mai gyaran waya ko mai sayar da data da zai biya a sa sunan shagonsa a fuskar hutu. Ka haɗa kuɗin giga 3, da fetur, da ladan mai sharhi, da kyautar zakara, wannan shi ne kuɗin shiri ɗaya. In makonni huɗu a jere ba su mayar da shi ba, ka rage tsawon shirin, kada ka ƙara kaya. Washegari ka yanko ƙwallaye uku mafi kyau daga abin da ka naɗa, kowanne ƙasa da minti ɗaya, ka tura WhatsApp da TikTok. Su ne ke kawo sababbin masu kallo.

Caca a kan wasa, a fili ko a ɓoye, ita ce hanya mafi sauri ta sa dattawan unguwa su rufe maka shago. Yaron da bai balaga ba kada fuskarsa ta fita sai da yardar iyayensa, mai zagi kuma a kashe makirfo a fitar da shi. Kafin shirin farko ka je ka gaida mai unguwa ka faɗa masa ranar da lokacin tashi.

Kwana ɗaya kafin buɗewa ka yi cikakken gwaji a daidai sa'ar shirin, ka sa bidiyon a Unlisted, wato sai wanda ka tura wa zai gani, ka tura wa mutum biyu a unguwanni daban-daban su kalla a wayoyinsu. Ana tsakiyar wasa ka sa wani ya kashe babban makunnin wutar shagon da gangan, ka ga abin da zai mutu. In sifilita ce ta ɗauke, to an manta an jona cajarta a bango.